Yadda Ake Farfaɗo da Tsofaffin Taragan Fasinja na Ƙaramin Jirgin Ƙasa

A Birtaniya mutane da yawa, manya da yara, suna shimfiɗa ƙaramin layin dogo a kan tebur ko a ɗakin saman gida, jirgi yana zagayawa da wutar lantarki, ga tasha, ga gada, ga sigina. Girman da ya fi karɓuwa a can shi ne wanda ake kira OO: kowace ƙafa ɗaya ta jirgin gaske ta koma milimita 4, wato kashi ɗaya cikin 76, faɗin layin kuma milimita 16.5. Sabon taragon fasinja na wannan girman yana da tsada, ga shi jirgi ba ya cika ido sai da tarago biyar ko shida. Shi ya sa kasuwar na hannu take ci, a shafin cinikin intanet na eBay da shagunan masu wannan sana'a da kasuwannin musaya.

Zan yi bayani a kan tarago samfurin Mark 1, wanda hukumar jiragen ƙasan Birtaniya ta fara sa wa a layi a 1951, domin shi ne ya fi cika akwatunan kayan hannu. Kamfanin Tri-ang ya yi shi, Hornby ya ci gaba da shi, Lima na Italiya ma ya yi nasa. Abin da nake so ka riƙe tun daga nan shi ne: gyara daga ƙasa yake farawa. Sabon shiga yakan ɗoki fenti, ya bar tayoyi. Tarago mai sheƙi da ke sauka daga layi a kowace kwana ba shi da amfani ga kowa.

Kafin ka biya kuɗi

Ɗaga taragon daidai idonka, ka hango shi daga ƙarshe zuwa ƙarshe. Idan ya lanƙwashe kamar ayaba, ajiye shi. Taragan Tri-ang na farkon shekarun 1950 an yi su da wata irin roba da ke tsukewa tana karkacewa da tsufa, kuma babu ruwan zafi ko matsi da zai miƙar da ita ta zauna. Na baya, da aka yi da robar folistirin, su ne suke karɓar gyara.

Sai ka auna tsawonsa. Cikakken Mark 1 na girman OO yana kai wajen milimita 258. Idan ya gaza sosai, ko dai gajeren samfurin Tri-ang ne na da, ko na ɗaukar kaya ne wanda asalinsa ma ya fi guntu, ko kuma na girman HO ne, kashi ɗaya cikin 87. Lima ya yi taragan Birtaniya a girman HO a shekarun 1970 kafin ya koma OO. Layi ɗaya suke hawa, amma in ka jera su tare za ka ga ɗaya ya zama ƙanen ɗaya.

Juya shi ka dubi ƙasa. Idan jikin na gwangwani ne da sunan Hornby Dublo, ka kula: waɗanda aka yi don layi mai dogo uku tayoyinsu ba su da abin raba wuta, suna hawa layi mai dogo biyu wuta za ta haɗu, komai ya tsaya. Ana iya canja musu tayoyi, amma ka san da wannan tun kafin ciniki.

Datti, tsatsar aksil (sandan da ke haɗa tayoyi biyu), karyayyar ƙugiya, ɓataccen matokari (abin tare karo a ƙarshen tarago), duk waɗannan ba abin tsoro ba ne, su ne ma suke sa farashi ya sauka. Abin gudu shi ne gilashin da gam ya cinye da jikin da wani ya shafa wa tina har ya narke. In ka samu wani ragargajajje iri ɗaya da araha, haɗa da shi. Shi ne zai ba ka kayan gyara. Wanda kuwa yake cikin kwalinsa na asali, fentinsa lafiya lau, wanke shi kawai za ka yi. Sake masa fenti rage masa daraja ne.

Kayan aiki ba su da yawa: ƙananan sukundireba irin na masu gyaran waya, hantsaki, wuƙa mai siririn baki, ƙaramar magagari, samfefa mai laushi ta lamba 600 zuwa 1200, tsohon buroshin haƙori, audugar kunne, tsinken sakace, tsofaffin katunan ATM guda uku ko huɗu, da ma'aunin nan mai baki biyu da makanikai ke awon kauri da shi. A kan wannan na ƙarshe kada ka yi rowa, rabin aikin a kansa yake.

Buɗe shi

Ɗauki hoto ta kowane ɓangare kafin ka taɓa komai, ka kuma tanadi ɗan kwano don sukurori. A jikin rufi da kujeru da bene, sa alamar fensir daga ciki a ƙarshe guda, domin kujeru da tagogi hanya ɗaya kawai suke dacewa.

Na Tri-ang da tsohon Hornby yana da sauƙi. Sukurori ne suke ratsa bene daga ƙasa su kama rufi. Ka kwance su, rufi ya ɗago, gefuna biyu su zare kowanne shi kaɗai, kujeru su fito. Wannan tsarin alheri ne ga mai fenti, tunda gefen yana kwanciya shimfiɗe a kan tebur.

Na Lima shi ne mai neman haƙuri. Rufi da gilashin tagogi abu ɗaya ne da aka zuba tare, gilashin ne yake maƙale a cikin ramukan tagogi. Danna taga ta ƙarshe ciki a hankali da ɗan yatsa, ka ɗan ɗaga rufin, ka soka kati a tsagar don kada ya koma. Ka bi haka taga bayan taga, gefe da gefe, har ya saki. Kada ka sa bakin sukundireba ka banƙare. Tsohuwar roba mai garai-garai tana tsagewa ne ba tare da ta yi gargaɗi ba, kuma tsagar gilashi ba ta ɓoyuwa.

Wanki kuwa, ruwa mai ɗumi-ɗumi da ɗigon sabulun wanke-wanke da buroshin haƙori sun isa. Cire tayoyi da farantin ƙarfen da ke cikin bene kafin ka tsoma. A kan lambobi da siraran layukan ado, yatsa kawai za ka bi da shi, buroshi yana kankare su. Ka ɗauraye, ka bar shi ya bushe a inuwa har kwana. Ban da rana, ban da na'urar busar da gashi. Sau da yawa bayan wankin nan za ka ga abin da ka ɗauka lalacewar fenti ce ashe maiƙon hannu ne da ƙurar shekaru.

Tayoyi da bogi

A nan za mu daɗe. Kowane tarago yana zaune ne a kan ƙananan kekuna biyu masu juyawa, kowanne da tayoyi huɗu, su ake kira bogi. Buɗa gefen bogin kaɗan da yatsu, aksil ya fito. Dubi inda tayar ke taka layi. Za ka tarar da wani baƙin dasƙararren datti ya yi mata zobe, wani lokaci har ya cike kusurwar da ke tsakanin tayar da leɓenta, wato bakin nan da ke hana ta sauka daga dogo. Idan kusurwar ta cike, leɓen ya daina aiki. Kankare shi da tsinken sakace, ka goge da audugar kunne da ka jiƙa da sifirit. Gashi da zaren kafet da suka nannaɗe kan aksil, hantsaki ne maganinsu.

Yanzu ka yanke shawara: a bar su ko a canja? Ra'ayina, in dai na roba ne, a canja su da na ƙarfe. Tayar roba tana tara datti tana shafa wa layi. Tsofaffin tayoyin Tri-ang da na Lima kuma leɓensu ya yi zurfi. A kan layi mai dogo mai tsayi, wanda ake kira lamba 100, suna tafiya. A kan siriri na lamba 75, irin wanda kamfanin Peco ke yi, leɓen yana dukan 'yan maƙalan da ke riƙe da dogo, ka ji yana ƙwar-ƙwar har ya yi tsalle.

Kafin ka yi odar sababbi, auna abu biyu. Na farko tsawon aksil daga tsini zuwa tsini. Yawancin na Birtaniya milimita 26 ne, na Lima kuwa ya fi guntu, wajen 24.5. Ka tura mai 26 cikin bogin Lima, zai buɗe gefunan, tayar ta ƙi juyawa. Na biyu faɗin da'irar tayar. A lissafi, Mark 1 mai bogi na asali yana son taya mai milimita 14, mai bogi samfurin B4 kuma milimita 12. Amma kada lissafi ya ruɗe ka. Taragan Tri-ang dama sun ɗan yi tsayi fiye da kima, in ka ƙara musu babbar taya sai su ƙara hawa sama, su daina daidaita da sauran. Tsakiyar matokaran da ke ƙarshen tarago ya kamata ta tsaya wajen milimita 14 daga saman dogo. Idan ba za ka rage wa jikin tsayi ba, sayi taya daidai da wadda ka cire.

Awon da ya fi kowanne muhimmanci shi ne tazarar da ke tsakanin bayan taya da bayan 'yar'uwarta a kan aksil ɗaya. Milimita 14.5 ake so. In ta gaza, tayoyin za su maƙale a mararrabar layi. In ta wuce, leɓen zai hau tsinin mararrabar ya fice. Kada ka ce sababbi ne don haka daidai suke, auna kowanne. Gyaransa: riƙe tayoyin biyu da yatsu, ka murɗa ɗaya kaɗan kana ja ko kana turawa, ka sake aunawa. Sannan ka mirgina aksil ɗin a kan gilashi ka gani ko tayar tana rawa. Mai rawa a ajiye ta gefe.

Leƙa cikin ramukan da tsinin aksil ke zama. Idan sun cinye sun yi faɗi, akwai 'yan mazaunan tagulla da ake sayarwa don wannan. Ana huda ramin da bakin huda mai milimita 2, da hannu ake murza shi ba da inji ba, a hankali don kada ya ɓullo ta waje. A zaunar da tagullar, a gwada aksil. Ana so ya juya sakayau da ɗan motsi kaɗan gefe da gefe, iyakar wanda yatsa zai ji. Sai komai ya daidaita za a ɗiga gam.

Batun mai: tsinin aksil ba ya son mai da yawa. Goga bakin fensir mai laushi a cikin ramin ya wadatar. Man girki yana dasƙarewa, man inji da WD-40 suna iya cutar da roba, kuma duk mai yana kiran ƙura.

Saura mazaunin bogin. A tsofaffin Tri-ang da ƙusar tagulla aka dasa shi. In ta saki har bogin yana lilo, huda kan ƙusar a hankali ka cire, kana tsayawa kana hutawa don kada zafi ya narka robar, ka maye gurbinta da ƙaramin bol da noti. Ga dabarar da ke raba tarago mai natsuwa da mai rangaji: ɗaure bogi ɗaya yadda zai juya hagu da dama kawai, ɗayan kuma ka sassauta shi ya iya ɗan karkata ta kowane gefe. Na farko yana riƙe jikin a tsaye, na biyu yana bin rashin daidaiton layi. Ɗiga ɗan gam a kan notin don kada ya kwance. Ɗora taragon a kan gilashi, duk tayoyi takwas su taɓa. Sannan ka ɗaga ƙarshen layi mai tsawon mita ɗaya da santimita 2. Taragon da aka gyara da kyau zai gangara da kansa.

Ƙugiya da nauyi

Ƙugiyar haɗa taragai da aka fi sani a Birtaniya ita ce mai baka da ɗan ƙarfe mai faɗawa a kai. Tana da girma iri-iri, ta Lima babba ce ƙwarai. Abin lura shi ne tsayi. Zaɓi tarago ɗaya da ka amince da shi ya zama ma'auni, ka gwada kowanne da shi hanci da hanci. Bakar da ta sunkuya za ta shige ƙarƙashin ta gaba, in jirgi ya ja baya sai ta ɗaga shi. Ƙarfen kuma ya riƙa faɗawa da nauyinsa. In yana tsayawa a sama, tsatsa ce ko fenti a mahaɗinsa. Sababbin taragai suna zuwa da wani ɗan aljihu na ƙa'idar NEM 362 da ake tura ƙugiya ciki. Ana iya manna irinsa a tsohon bogi, amma a jirgin da ba a rarraba shi, ni ban ga dalilin wahalar ba.

Nauyi kuwa, ƙungiyar masu ƙananan jiragen ƙasa ta Amurka, NMRA, tana ba da shawarar oza ɗaya, da ƙarin rabin oza a kan kowane inci na tsawo, don girman HO. Tarago mai inci goma ya tashi oza shida ke nan, wajen giram 170. Ba dole ka kai can ba, musamman in kan jirginka ba mai ƙarfi ba ne. Abin da ya fi shi ne taragan jirgi ɗaya su yi kusa da juna a nauyi, domin mara nauyi a tsakiyar masu nauyi shi ake fizgewa a kwana. Manna notina ko ƙarfen daidaita tayar mota a ƙasa-ƙasa, a tsakiyar faɗin bene. Kada ka haɗa darma da farin gam na katako, da daɗewa suna kumbura su fasa roba.

Karaya da gam

Tsagar folistirin tana son gam mai ruwa-ruwa da ke narka robar ya haɗe ta. Matse tsagar, ka taɓa ta daga ciki da siririn buroshi, gam ɗin zai bi ta da kansa. Ka manna ɗan yankin roba ta baya don ƙarfi, kuma kada yatsanka ya kusanci wurin, zanen yatsa yana zama har abada. Buɗe taga yayin aikin, warinsa ba na shaƙa ba ne. Ƙarfe da roba, gam mai haɗi biyu. Sufa gulu kuma kada ya kusanci gilashi, tururinsa yana barin farin hazo. Wasu bogi an yi su da roba mai santsi da ba ta kama gam ko kaɗan. Irin wannan sai a huda a soka siririyar waya, ko a ɗauko na ragargajajjen nan da ka saya.

Fenti, in ya zama dole

Yawancin taragai ba sa buƙatar sabon fenti gaba ɗaya. A Tri-ang da yawa launin a cikin robar yake. Rufi kawai ka fesa wa toka-toka mara sheƙi, ƙasa da bogi ka bi su da baƙi mai ɗan ruwan ƙasa, fuskar tayoyi ma haka ban da inda suke taka layi, za ka sha mamakin yadda zai canja.

Wanda wani ya lafta wa fenti da buroshi shi ne mai buƙatar kankara. Sifirit mai ƙarfi, na kashi 99, yana cire fenti da yawa. Dettol na asali mai ruwan ƙasa ma yana yi: a tsoma jikin a rufaffen mazubi kwana ɗaya ko biyu, a sa safar hannu, a goge da buroshi a cikin Dettol ɗin. Kada ruwa ya taɓa shi sai fentin ya fita tas, in ba haka ba zai zama danƙo. Man birki yana cirewa amma yana iya sa wasu robobi su yi gautsi, tina da ruwan goge farce kuwa narkarwa suke yi. Ko wanne za ka yi amfani da shi, gwada shi a cikin jiki inda ba a gani, kuma gilashi ba ya shiga.

Zaɓi launin zamani ɗaya ka tsaya a kai. Mark 1 ya fara fitowa da ja da ruwan madara. Daga 1956 aka koma ja mai duhu, wanda ake ce wa marun, yankin kudu ya koma kore. Daga tsakiyar shekarun 1960 shuɗi da toka-toka ya mamaye. Harafin da ke gaban lamba yana nuna yanki: M, E, W, S ko Sc. Nemi hoton taragon gaske ka ajiye a gabanka.

Wanke, busar, ka fesa fentin shimfiɗa na roba. Riƙe gwangwanin wajen santimita 25 zuwa 30, ka fara feshi kafin ka iso jikin, ka wuce shi kafin ka saki. Shafi uku sirara sun fi ɗaya mai kauri da zai cike layukan ƙofofi. Launi mai haske ne farko. In ya bushe har warinsa ya tafi, ka rufe shi da tef ɗin masu fenti, ka danne bakin tef ɗin da tsinke, ka fesa mai duhu. Mai aiki a lokacin hunturu, ya yi feshin a cikin kwali, yana gamawa ya kifa roba a kai, domin ƙura ba ta jira.

Lambobin da ake jiƙawa a ruwa a kan fenti mai sheƙi suke kwanciya. A kan mara sheƙi iska tana maƙalewa ƙarƙashinsu su yi fari-fari. Jiƙa na ɗan lokaci, zame lambar daga takardarta zuwa wurinta da jiƙaƙƙen buroshi, tsane ruwan da ƙyalle. Washegari ka fesa banish mai matsakaicin sheƙi, tun gilashi bai koma ba.

Ciki, haɗawa da gwaji

Kujeru sukan zo launi ɗaya fal. Fenta bene da duhu, bango ruwan katako, kujeru shuɗi ko ja, ka zaunar da fasinja kaɗan kusa da tagogi, ko da sai ka datse musu ƙafafu kafin su zauna. Gilashin da ya karce, man goge baki fari a kan ƙyalle mai laushi yana rage shi. Wanda ya ɓata, yanka sabo daga roba mai garai-garai ta kwalin kaya, ka manna da farin gam, yana bushewa ba a ganinsa.

Wajen haɗawa bi alamun fensir ɗinka. Sukurori kuma da ka ji sun zauna ka tsaya, ƙarin murɗi ɗaya yana lanƙwasa rufi ko ya tsaga mazaunin.

Gwada shi shi kaɗai da hannu, sannan a bayan kan jirgi, a ja shi, a tura shi baya, ta cikin mararraba da kwana mafi tsanani da kake da ita. Dogon tarago irin wannan ya fi sakewa a buɗaɗɗiyar kwana mai milimita 438 daga tsakiyar da'irarta fiye da matsattsiya mai 371. In ya sauka, sa wa tayar da ta fara fita alama, ka juya taragon ka sake. In ita ce dai ta sake fita, koma kan tazararta ta 14.5, ka kuma duba ko bogin yana gogar wani abu a ƙarƙashin bene. In kuwa kowane tarago a wuri ɗaya yake sauka, laifin layin ne.

Wajen ajiya, naɗe kowanne da farar takarda mai laushi kafin ya shiga akwati. Jarida tana barin tawada, soso da ledar kumfa kuma sukan manne wa fenti in sun daɗe. Akwatin ya zauna nesa da taga da rufin kwano, kuma kada a bar shi cikin mota da rana.